Muhawara: Ƙananan wayoyi masu madannai, gaba manhajarsu ta ci ko baya ta koma?

Masta na Adum:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa na wannan zaure. Ina so in ajiye wata magana a gabanku, domin na san a cikinmu akwai malamai da 'yan kasuwa da ɗalibai waɗanda za su iya warware ta fiye da ni. Ra'ayina shi ne ƙaramar waya mai madannai, wadda mutanen garin nan na Kumasi a Ghana suke kira yam, ta koma baya ta fuskar manhaja, duk da cewa kuɗinta ya sauka kuma ta cika kasuwa. Wayar Nokia ta wajajen 2010, irin su 2700 classic ko C3, mutum yana iya sa mata Opera Mini da 2go da ƙamus da Alƙur'ani da wasanni, daga baya ma har da WhatsApp a wasu daga cikinsu. Yau idan mutum ya sayi sabuwar ƙaramar waya a PZ, inda ake sayar da wayoyi a unguwar Adum, abin da ya tarar a ciki shi ne abin da zai rayu da shi har ta lalace, ba ya iya ƙarawa, ba ya iya ragewa. A wurina wannan asara ce ga talaka, kuma ina so in ji ko akwai wanda yake ganin akasin haka.

Malamin Aboabo:
Wa alaikumus salam, Masta. Maganarka tana da tushe, amma kafin a yanke hukunci ya kamata a raba abubuwa biyu da ka haɗa, domin tun asali Nokia ba manhaja ɗaya take sa wa ƙananan wayoyinta ba. Akwai wadda ake kira Series 30, ita ce ta wayoyin da suka fi araha, irin su 1110 da 1200 da 1280, da kuma 105 ta farko da ta fito a 2013. Waɗannan tun farko a rufe suke, ba a sa musu komai daga waje. Kira da saƙo da agogo mai ƙararrawa da kalkuleta da tocila da wasan maciji, da rediyo a wasunsu, kusan iyakarsu ke nan. Sannan akwai Series 40, wadda ake ƙirga farkonta daga wayar 7110 ta 1999, ita ce ta zo da launi da kyamara da katin memori a hankali, kuma ita ce take karɓar manhajojin Java. A watan Janairun 2012 Nokia ta sanar cewa ta sayar da wayoyin Series 40 guda biliyan 1.5.

Saboda haka wayar da kake kewa, Masta, ba ita ce ta ƙasa ba a zamaninta, ta tsakiya ce. Wayar talaka ta ainihi a lokacin ita ce 1100, wadda ta fito a 2003 aka sayar da fiye da miliyan 250, kuma ita ma ba ta karɓar manhaja ko ɗaya. Idan za a yi adalci, sai a gwada yam ta yau da 1100, ba da C3 ba. Idan aka yi haka za a ga ta yau tana da layi biyu, da rediyo, da katin memori, da allo mai launi, abubuwan da 1100 ba ta taɓa samu ba.

Masta na Adum:
Malam, na yarda da rabon da ka yi, amma bai rushe maganata ba. A wancan lokaci akwai matakala. Wanda ya fara da 1110, idan Allah ya buɗa masa kaɗan sai ya hau Series 40, ya shiga intanet ba tare da ya bar madannai da batir mai kwana huɗu ko biyar ba. Yau wannan matakin na tsakiya ya ɓace. Ko dai ka zauna a kan yam rufaffiya, ko kuma ka yi tsalle zuwa Android mai shan caji da data, wadda gilashinta yake fashewa da faɗuwa ɗaya. Abin da nake tambaya shi ne wa ya cire matakin tsakiyar, kuma don me.

Alhaji na Alabar:
Bari in sa baki a matsayin wanda ya yi shekaru yana shigo da kaya. Yara da yawa a nan ba su san yadda waya ta fara a ƙasar nan ba, alhali tarihin layukan shi ne ya zaɓa mana irin wayar da muka riƙe. Mobitel ce ta fara a 1992, kuma ba GSM ba ce. Spacefon ta kawo GSM a 1996, ita ce ta zama Areeba, daga baya MTN. OneTouch ta Ghana Telecom ta zo a 2000. A shekarun nan mallakar layi kansa abin alfahari ne, shi ya sa aka yi zamanin masu laima da tebur a bakin titi, waɗanda ake biya a yi kira a wurinsu minti-minti. Mutumin da yake cikin wannan hali ba ya tambayar wace manhaja ce a cikin waya. Yana tambaya ne ko tana kama sabis a ƙauyensu, ko batirinta yana jurewa, ko kuma za ta tashi idan ta faɗi a kan siminti.

Abu na biyu, kiran wani layi daga naka ya fi tsada nesa ba kusa ba, saboda haka ɗan kasuwa a kasuwar Kejetia yakan riƙe layukan 024 da 020 da 027 a lokaci guda, wani har da 028 na Kasapa. Ba a fara barin mutum ya sauya kamfani da lambarsa ba sai a watan Yulin 2011. To wanda ya fara kawo waya mai layi biyu shi ne ya ci kasuwa, kuma ba Nokia ba ce. Nokia ba ta fito da wayoyi masu layi biyu ba sai daga 2010, lokacin da wayoyin China sun riga sun cika Adum. Ni a ganina nan ne matakin tsakiyar ya fara girgiza, tun kafin a zo maganar Android.

Ɗalibin Tech:
Baba Alhaji ya taɓo wurin da ya fi muhimmanci a tarihin nan, kuma ina neman izini in faɗaɗa shi. Abin da ya ba wayoyin China damar yin yawa haka shi ne wani kamfanin Taiwan mai suna MediaTek, wanda aka kafa a 1997. Kafin shigowarsa harkar waya, duk wanda yake son ƙera waya sai ya ɗauki injiniyoyi masu yawa su rubuta manhajar da za ta yi magana da turakun sadarwa, su rubuta ta allo, su rubuta ta sauti, aikin da yakan ci fiye da shekara. Daga wajajen 2004 MediaTek ta fara sayar da ƙwaƙwalwar waya tare da manhajarta gaba ɗaya a haɗe, har da zanen yadda za a jera kayan ciki. Ƙaramin kamfani a Shenzhen ba ya buƙatar komai sai ya zana gangar jiki, ya zaɓi lasifika da batir, ya buga sunansa. A 2007 kuma gwamnatin China ta soke sharaɗin lasisin ƙera waya, sai ƙofa ta buɗe gaba ɗaya.

Manhajar da take ƙarƙashin waɗannan wayoyi sunanta Nucleus, wani kamfanin Amurka ne ya fitar da ita a 1993, kuma ba don waya kaɗai aka yi ta ba, ana sa ta a na'urori iri-iri. Ƙarama ce ƙwarai, aikinta shi ne ta raba lokacin ƙwaƙwalwar tsakanin ayyuka ta yadda kira ba zai yanke ba don ana kunna waƙa. Wannan ne ya sa idan ka ɗauki wayoyin China goma masu suna daban-daban na wancan zamani, za ka tarar jerin abubuwan cikinsu iri ɗaya ne, har sautin kunnawa. Daga baya Spreadtrum ta Shanghai, wadda yanzu ake kira Unisoc, ta bi wannan hanya da tata manhajar mai suna Mocor. Mafi yawan yam da ake sayarwa yau a kan ɗaya daga cikin waɗannan biyun suke tafiya, ko da wane suna aka rubuta a goshinsu.

Kamfanin Transsion, mai Tecno da itel, wanda aka kafa a 2006, a kan wannan tushe ya gina kasuwarsa a Afirka. Bai ƙirƙiro sabuwar manhaja ba. Ya duba abin da mutanenmu suke so ne, wato layi biyu ko fiye, lasifika mai ƙarfi, batir babba, tocila mai haske, ya sa su a kan kayan da suke akwai.

Masta na Adum:
Wannan bayani ya yi daidai da abin da muke gani idan mun buɗe bayan waya. Sai dai ka tsallake ɓarnar da ta biyo baya. Da yawa daga cikin wayoyin farko na irin wannan ƙira lambar shaidarsu, wato IMEI, ɗaya ce a dubban wayoyi, wasu ma babu ita sam. Indiya ta toshe marasa lamba a 2009, Kenya ta kashe jabun wayoyi a kan layukanta a 2012. A wurinmu masu gyara kuwa, wahalar ita ce babu wanda yake da alhakin manhajar. Idan ta rikice sai falashin, wato sake zuba mata manhajar, kuma sai ka yi ta neman fayil ɗin da ya dace da allon da aka sa, domin waya biyu masu suna ɗaya suna iya zuwa da kayan ciki daban. Idan ka sa wanda bai dace ba, allo ya yi fari fat ko madannai su juye. A zamanin Series 40 lambar samfurin waya tana gaya maka ainihin abin da ke cikinta.

Hajiyar Kejetia:
Sallama gare ku duka. Ni ba masaniyar waɗannan sunaye ba ce, hatsi nake sayarwa, amma ina da abin faɗa domin mu ne masu riƙe da wayoyin da kuke magana a kansu. Masta, da girmamawa, abubuwan da kake cewa an rasa, yawancin matan da nake zama da su a kasuwa ba su taɓa amfani da su ba ko a lokacin da suke akwai. Abin da ya sauya mana rayuwa shi ne katin memori da MoMo, wato tura kuɗi ta waya. Da katin memori muke sauraron karatun Alƙur'ani da tafsirin Ramadan da wa'azi muna aiki, ana tura wa juna ta Bluetooth ba tare da an kashe ko pesewa ɗaya ba. Da MoMo kuma nake biyan masu kawo mini masara da gero daga Techiman da Tamale, ba sai na ba direba kuɗi a ƙulle ba ina zullumi har ya isa. Duk wannan a kan yam nake yin sa. A shekarun dumsor, lokacin da wuta take ɗaukewa kusan kullum, masu manyan wayoyi ne suke yawo da caja suna neman inda za su soka, mu kuwa tamu tana kai mu kwanaki, kuma ita ce fitilarmu da dare.

Malamin Aboabo:
Hajiya ta kawo hujjar da ta fi duk abin da muka faɗa nauyi, kuma ina so a tsaya a kanta. Muna ta lissafa manhajojin da suke cikin waya, alhali wadda ta fi kowacce tasiri a ƙasar nan ba a cikin wayar take zaune ba. Lokacin da mutum ya danna *170#, lambar MoMo, wayarsa ba ta gudanar da wata manhajar kuɗi. Tana aika lambar ne ta hanyar da ake kira USSD, wadda take cikin ƙa'idar GSM tun shekarun 1990, sai kwamfutocin kamfanin layi su amsa da rubutu, mutum ya zaɓi lamba, su sake amsawa. Kowane shafi ba ya wuce haruffa 182. Ba a buƙatar data, ba a buƙatar sauke komai, kuma wayar 2003 da ta bana duk ɗaya suke a wurinta. A Kenya, M-Pesa da ta fara a 2007 ta bi wata hanya mai kama da wannan, inda aka sa jerin zaɓin a cikin katin layin kansa.

MTN ta fara Mobile Money a Ghana a 2009, kuma daga watan Mayun 2018 aka haɗa kamfanonin ta yadda kuɗi zai iya tafiya daga wannan layi zuwa wancan kai tsaye. Da a ce an gina wannan tsari a kan Java, da ya mutu tare da Series 40. Da an gina shi a kan wata manhajar MediaTek, da masu Nokia sun rasa. Ya rayu ne domin bai dogara da kowace irin waya ba. Haka ma ayyukan da aka ƙirƙira a ƙasar nan, irin su Esoko da take tura wa manoma farashin kasuwa ta saƙon tes, da mPedigree da ake tura mata lambar jikin magani a gane na gaske ne ko jabu, da Farmerline da aka kafa a nan Kumasi a 2013 tana aika wa manoma saƙon murya a harsunansu. Dukansu sun zaɓi saƙo da murya da USSD ne saboda sun san abin da ke hannun jama'a.

Maman Sadiya:
Malam, ni wakiliyar MoMo ce a Asawase, kuma ina so in rage wa wannan yabo kaɗan, ba don ƙarya ne ba, sai don akwai abin da ake gani daga cikin rumfa wanda ba a gani daga waje. USSD ba ta jiran mutum. Idan tsohuwa ta tsaya tana neman madannin da za ta taɓa, zaman yakan yanke, sai a sake daga farko. Rubutun kuma da Turanci yake, saboda haka da yawa daga cikin iyayenmu ba karantawa suke yi ba, haddace jerin lambobin suke yi, kuma ranar da aka sauya tsarin jerin sai su rikice. Wanda bai iya ba sai ya miƙa wa wani wayarsa har da lambar sirrinsa, kuma daga nan ne yawancin cutar da ake yi wa mutane take farawa. 'Yan damfara ma sun san mai yam ba ya iya bambanta saƙon gaskiya da na ƙarya cikin sauƙi, domin duka rubutu ne baƙi a kan ƙaramin allo. Da wayar tana karɓar manhaja, da wani yaro a cikin Zango ya rubuta wadda za ta karanta wa tsohuwa saƙon da Hausa ko Dagbani ko Twi. A nan ina bayan Masta.

Ɗalibin Tech:
Maman Sadiya ta dawo da mu kan tambayar Masta, wato wa ya cire matakin tsakiya. Amsar tana da ranaku sanannu. Java ta ƙananan na'urori kamfanin Sun Microsystems ne ya fito da ita a 1999, da nufin a rubuta manhaja sau ɗaya ta yi aiki a kowace waya, Nokia ce ko Sony Ericsson ko Samsung ko Motorola. A aikace abin bai kai haka sauƙi ba. Girman allo ya bambanta, madannai sun bambanta, kuma wayoyin Series 40 na farko ba sa karɓar fayil da ya wuce kilobait 64, saboda haka mai rubuta wasa ɗaya yakan fitar da shi a siffofi da dama. Manhajar da ba a biya an sa mata hatimin amincewa ba kuma takan yi ta tambayar izini duk lokacin da za ta shiga intanet. Duk da haka, ita ce ƙofa ta farko da ta buɗe wa mutanenmu. Opera Mini, wadda wani kamfanin Norway ya fitar a 2005, takan kai shafin intanet kwamfutocinta ta matse shi, wani lokaci har da kashi 90 cikin 100, kafin ta turo shi waya. Facebook ta sayi wani kamfani mai suna Snaptu a 2011 don kawai ta samu manhajar Java da za ta yi aiki a dubban nau'o'in ƙananan wayoyi. Akwai kuma BREW ta kamfanin Qualcomm, wadda ta fito a 2001, amma ita ta fi tafiya da layukan CDMA, wani tsarin sadarwa daban da GSM, kuma a ƙasar nan Kasapa ce kaɗai take kan wannan tsari a lokacin, don haka ba ta yi wani tasiri a wurinmu ba.

Nokia ta yi yunƙurin ƙarshe na ceto wannan mataki. Ta sayi wani ƙaramin kamfanin Norway mai suna Smarterphone, ta gina sabuwar manhajar Asha a kan aikinsa, ta fitar da Asha 501 a 2013. A watan Satumban wannan shekara aka sanar cewa Microsoft za ta sayi sashen wayoyin Nokia, cinikin ya kammala a Afrilun 2014, kuma a watan Yuli Microsoft ta bayyana cewa za ta daina ci gaba da Series 40 da Asha domin ta mayar da hankali kan Windows Phone. Abin da aka bari shi ne Series 30+, wadda sunanta yake kama da tsohuwar amma cikinta na MediaTek ne, kuma ba ta karɓar Java. Wasu samfura kamar 220 da 225 suna karɓar wasu 'yan manhajoji na tsarin MediaTek mai suna MRE, sai dai masu rubuta manhaja ba su bi ta kansa ba. A 2016 Microsoft ta sayar da harkar ƙananan wayoyin a kan dala miliyan 350 ga wani reshen Foxconn da kamfanin HMD na Finland. WhatsApp kuma ta rufe ƙofarta ga Series 40 a ƙarshen Disamban 2018. Saboda haka ba wai fasahar ce ta gaza ba, masu ita ne suka ga ribarsu tana wani wuri.

Alhaji na Alabar:
Yarona, bayaninka ya gamsar, amma jumlarka ta ƙarshe ban yarda da ita duka ba. Kamfani ba ya barin abin da yake kawo masa kuɗi. A lokacin da Asha take fitowa, ƙananan wayoyin Android na Tecno da itel da Samsung sun riga sun sauko kusa da kuɗinta, ga kuma na hannu da ake shigowa da su daga Turai. Saurayi ya zo shago da kuɗinsa, ka ajiye masa Asha da Android a farashi kusan ɗaya, ban taɓa ganin wanda ya yi dogon tunani ba. Masu saye ne suka fara barin matakin tsakiyar kafin kamfanoni su rushe shi.

Ɗan Nima:
Gaisuwa daga Accra. Ina bin muhawarar tun farko, kuma na ga ba wanda ya ambaci KaiOS, alhali ita ce ƙoƙarin da aka yi na maido da ainihin abin da Masta yake nema. Asalinta daga Firefox OS ne, manhajar da Mozilla ta fitar a 2013 ta kuma watsar a 2016. Wasu suka ɗauki abin da ya rage suka gyara shi don wayoyi masu madannai, ta fito a 2017. Manhajojinta da fasahar shafukan intanet ake rubuta su, kuma tana iya tafiya a waya mai ƙwaƙwalwar aiki ta megabait 256 kacal. A Indiya ta yi nasara ƙwarai ta hanyar JioPhone, domin kamfanin layin ya ba da wayar a kan ajiyar rupi 1,500 da za a mayar wa mutum daga baya, ya haɗa da data mai araha. Google ta zuba mata dala miliyan 22 a 2018, shekarar da Nokia 8110 4G ta fito da ita, aka samu WhatsApp da YouTube da taswira a kan waya mai madannai. A Afirka MTN da Orange sun fitar da nasu samfuran, Tecno ma ta yi T901.

Amma a Tip Toe Lane, kasuwar wayoyi ta Accra, ban ga ta zauna ba. Kuɗinta ya ninka na yam, batirinta bai kai na yam ba, saurinta kuma bai kai na Android mafi araha ba. Sannan abin da ya faru da Series 40 ya sake faruwa da ita: WhatsApp ta daina karɓar sababbin masu rajista a kanta a 2024, daga baya ta janye gaba ɗaya. Wanda ya saye ta don WhatsApp kaɗai, kuma su ne mafi yawa, ya tashi da waya mai tsada wadda ba ta yi masa abin da ya saye ta dominsa. Wannan ya nuna mini cewa ko an buɗe ƙofar sa manhaja, rayuwar wayar tana hannun kamfanoni biyu ko uku da suke da manhajojin da kowa yake so.

Masta na Adum:
Ɗan'uwa na Nima, wannan shi ne abin da yake ci mini rai. Waya lafiyarta ƙalau, allo garau, batir sabo, amma mai ita ya kawo ta yana cewa ta lalace, alhali wani ne a wata ƙasa ya rufe mata ƙofa. Babu abin da zan iya yi masa da kayan aikina. Ina da 'yan koyo a shago, kuma ina gaya musu cewa rabin abin da ake kawo mana yanzu ba ciwon ƙarfe ba ne.

Malamin Aboabo:
Akwai wani ɓangare da ya shafe mu kai tsaye a matsayin masu magana da Hausa, wanda Maman Sadiya ta buɗe ƙofarsa. Wasu ƙananan wayoyin Nokia da aka yi wa kasuwar Afirka ta Yamma suna zuwa da Hausa a cikin jerin harsunansu, tare da Yarabanci da Ibo, kuma na ga dattawa a Aboabo da suka zaɓe ta suka ji daɗinta. Wannan ya yiwu ne domin kamfani ɗaya ne yake riƙe da manhajar, kuma ya ga kasuwar Najeriya ta isa a yi mata wannan hidima. Amma ko a lokacin akwai matsalar da take ƙasa da manhajar waya, a cikin ƙa'idar saƙon tes kanta. Jerin haruffan GSM na asali, wanda yake ba da haruffa 160 a saƙo ɗaya, ba shi da ƙ da ɗ da ɓ. Idan waya ta yarda ka sa ɗaya daga cikinsu, saƙon yakan koma wani tsari da yake ɗaukar haruffa 70 kawai, sai ka biya kuɗin saƙo biyu ko uku a kan abin da ya kamata ya zama ɗaya. 'Yan'uwanmu masu Twi suna da irin wannan matsala da ɛ da ɔ, shi ya sa suke rubuta 3 a madadin ɛ har yau. Ina ganin wannan yana cikin dalilan da suka sa tsararraki guda suka saba rubuta Hausa a waya ba tare da ƙugiya ba, kuma a makaranta muna fama da sakamakonsa.

Hajiyar Kejetia:
To ni tambayata ta aiki ce. Ana ta cewa wata rana za a kashe tsofaffin layuka a bar 4G kaɗai. Idan haka ta faru, wayar da take hannuna za ta daina aiki ke nan? Kuma idan zan sayi wata, me zan duba?

Ɗalibin Tech:
Hajiya, wayar da take kama 2G kaɗai za ta daina kira da MoMo a ranar da kamfanin layinki ya kashe 2G a yankinku. Ƙasashe da dama sun riga sun yi haka, Singapore ta kashe nata a 2017, Afirka ta Kudu ma ta fitar da shirin kashe 2G da 3G. Kamfanoni suna jinkiri a inda masu ƙananan wayoyi suke da yawa, domin su ne masu kira da tura kuɗi kullum, kuma ba a yin irin wannan sai an yi sanarwa tun da wuri. Idan za ki sayi sabuwa, akwai yam masu 4G yanzu daga Nokia da itel da wasunsu, yawancinsu a kan kayan Unisoc. Ki tabbata an rubuta VoLTE a jikin kwalin, domin shi ne yake ba da damar yin kira a kan 4G, sannan ki sa layinki a ciki tun a shagon, ki yi kira, ki danna *170# ki ga ya buɗe kafin ki biya. Wasu daga cikinsu suna zuwa da wani tsari mai suna Cloud Phone, wanda yake nuna YouTube da labarai ta hanyar gudanar da su a kwamfutocin kamfani yana turo hoton kawai, dabarar da Opera Mini ta fara. Wannan yana cin data, kuma zai yi aiki ne muddin kamfanin yana riƙe da kwamfutocin nasa a kunne, don haka kada ki ƙara kuɗi saboda shi.

Masta na Adum:
Ƙari a kan abin da ya faɗa, Hajiya, ki duba batirin ya zama irin wanda ake cirewa, kuma wanda ake samun madadinsa a kasuwa, sannan ki sa a kwafe miki lambobinki a kan katin memori ko a littafi kafin ki bar tsohuwar, domin ƙananan wayoyin kamfanoni daban-daban ba sa karanta ajiyar juna kai tsaye. Idan kin shigo Adum ranar da kasuwa ta yi sauƙi, ki zo da tsohuwar da sabuwar a tura miki su ta Bluetooth ɗaya bayan ɗaya.